Me ya sa hannu ke bin gefen da alama ta fito, ko da an ce kada ya bi?

Ɗaliba, Argungu

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce a kwalejin horas da malamai, kuma a darasin nazarin halayyar ɗan'adam an sa mu wani gwaji a kwamfuta wanda sakamakonsa ya tsaya mini a rai. An ce idan da'ira ja ta bayyana a allo mu danna maɓallin hagu, idan kore ce mu danna na dama, sannan aka ja mana kunne cewa launi kaɗai za mu duba, ba ruwanmu da gefen da da'irar ta fito. Da aka tattara sakamakon, sai ga shi kusan kowa a ajin ya fi sauri idan ja ta fito a hagu ko kore ta fito a dama, kuma yawancin kurakuranmu sun taru ne a inda launi ya ce hagu alhali da'irar tana dama. Bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, amma bai bar kowa ba, har da waɗanda suka rantse cewa ba su kula da gefen ba ko kaɗan.

Wata ƙawata ta ce dalilin shi ne jijiyoyi a gicciye suke, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke tafiyar da hannun dama, don haka saƙon da ya fito ta wancan gefen sai ya yi doguwar tafiya. Ni dai bayanin bai kwanta mini ba. Ina roƙon masu sani su fayyace mana abin da ke jawo wannan jinkiri, da kuma ko horo yana iya kawar da shi, domin idan abu ne da ba ya wuce ɗakin gwaji, ban ga dalilin da ya sa ake ba shi muhimmanci haka ba.

Malamin nazarin halayya, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gwajin da aka sa ku sananne ne, kuma ana kiransa da sunan J. Richard Simon na Jami'ar Iowa a Amurka, wanda shi da abokin aikinsa Rudell suka ba da rahotonsa a 1967. Nasu da sauti suka yi shi: mutum yana sanye da na'urar saurare, sai ya ji kalmar da ke nufin hagu ko dama ya danna maɓallin da aka ambata, amma wani lokaci kalmar dama takan shigo ta kunnen hagu, kuma a nan ne martani ke yin nauyi. A irin naku na kallo, tazarar da aka saba samu tana tsakanin milisakan 20 zuwa 30, wato kashi 20 zuwa 30 cikin dubu na sakan ɗaya, a kan martanin da gaba ɗayansa bai kai rabin sakan ba.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba game da gicciyewar jijiyoyi, sai dai ba ita ce ke haddasa abin da kuka gani ba. Tun a 1912 Poffenberger ya gwada auna lokacin da saƙo ke ɗauka kafin ya ƙetara daga ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa zuwa ɗayan, kuma abin da shi da waɗanda suka biyo bayansa suka samu milisakan kaɗan ne, bai kai 10 ba. Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa za ki iya gwada ta da kanki gobe. Ki gicciye hannuwanki, hannun dama ya koma kan maɓallin hagu, na hagu ya koma kan maɓallin dama, ki sake gwajin. Da a ce hanyar jijiya ce ke jawo jinkirin, da sakamakon ya juya ya bi hannu. Wallace ya yi haka a 1971, sai aka tarar saurin yana nan tare da maɓallin da ke gefen alamar, ko wane hannu ne ke kansa. A 1986 Riggio da abokan aikinsa a Italiya suka ƙara gaba, suka bar hannuwa a mazauninsu suka ba mutane sanduna biyu a gicciye su riƙa danna maɓallan da su, kuma saurin ya bi inda bakin sanda ya sauka, bai bi hannun da ke riƙe da ita ba. Ke nan abin da ƙwaƙwalwa ke daidaitawa shi ne wurin da alama ta fito da wurin da aiki zai auku.

Bayanin da yawancin masana suka fi karkata a kai, wanda Kornblum da abokansa suka tsara shi sosai a 1990, shi ne cewa saƙo yana bin hanyoyi biyu a lokaci guda. Ta farko ita ce ta ƙa'idar da malaminku ya gindaya muku, ja hagu, kore dama, kuma wannan tana buƙatar a gane launi, a tuna ƙa'ida, sannan a zaɓi maɓalli. Ta biyu ba ta neman izinin kowa: da zarar abu ya ɓullo a dama, shirin motsawa zuwa dama ya riga ya tashi, tun kafin a gama tantance launin. Idan hanyoyin biyu sun nufi wuri ɗaya, martani ya zo da wuri. Idan suka saɓa, dole a danne wanda ya riga ya yunƙura kafin a saki na gaskiya, kuma wannan dannewa ita ce ke cin lokacin.

Ba hasashe ba ne kawai. Idan aka manna wayoyin awo a fatar kai, ana ganin ɓangaren da ke shirya hannun da bai dace ba yana fara motsi na ɗan lokaci kafin ya lafa, kuma idan aka manna su a tsokar hannu, a wasu zagayen, wato wasu lokutan da alama ta fito, ana kama ɗan ƙaramin zabura a hannun kuskure wanda bai kai ga danna maɓallin ba, shi kansa wanda ake gwadawa sau da yawa bai san ya yi ba. De Jong da abokansa kuma sun nuna a 1994 cewa tasirin ya fi girma a martanin da aka yi cikin gaggawa, yana raguwa a waɗanda aka ɗan jinkirta, abin da ke nuna cewa fizgar gefe tana zuwa da ƙarfi amma ba ta daɗewa. Ki koma kan takardar sakamakon ajinku ki duba, ina kyautata zaton za ki tarar kurakuran sun fi yawa a cikin dannawar da ta fi sauri.

Ɗan kogi, Yauri

Allah ya ƙara wa Malam basira. Ina da wani abu da nake son a auna da wannan bayani, domin a ganina ya ɗan saɓa masa. Duk wanda ya taɓa riƙe injin kwalekwale ya san cewa hannun injin a juye yake aiki: idan kana son goshin jirgi ya karkata dama, sai ka tura hannun zuwa hagu, domin farfela tana ture gindin jirgin ne zuwa gefe, goshin kuma ya juya ɗaya gefen. Yaron da ya saba da babur ko da filafili, ranar da aka fara ba shi inji, za ka ga yana son ya kauce wa jirgin da ke daure a bakin gaɓa, sai ya ja hannun zuwa inda yake son zuwa, jirgin kuma ya nufi ainihin abin da yake gudu. Wannan ya yi daidai da maganar Malam.

Abin da bai yi daidai ba shi ne gogaggen matuƙi. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye ƙasa mai yawa a yankinmu, kuma har yau akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa waɗanda ba a ganinsu sai an zo dab da su, musamman idan ruwa ya ja baya. Na sha zama kusa da dattawan Sarkawa ina kallon hannunsu ranar kasuwa, jirgi cike da buhuna da mutane, kuma idan kututture ya ɓullo ta hagu, hannun kan tafi hagu nan take jirgin ya kauce dama, babu alamar tunani ko jan numfashi, idonsu ma ba ya sauka daga kan ruwa. Idan hannu ya tafi hagu saboda abu ya fito a hagu, to ai fizgar da Malam ya ambata ta taimake shi. Amma haka yake yi idan alamar mashigi ce yake son ya nufa, inda dole hannun ya tafi kishiyar gefen. Shin irin wannan mutum ya kashe hanyar nan ta biyu ne, ko kuwa ya juya ta?

Injiniyan lantarki, Jega

Kafin Malam ya amsa wa ɗan'uwanmu na Yauri, bari in taɓa ɓangaren tambayar da ya shafi amfani, domin a nan ne nake ganin ana yawan zuzuta abin da bai kai ba, ana barin wanda ya kai. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a sakan ɗaya, don haka jinkirin milisakan 30 bai kai mita ɗaya ba. Ba zan ce ba komai ba ne, amma ba shi ne ke hana ni barci ba. Abin tsoro shi ne kuskuren kansa, wato a taɓa makunnin da ba shi ba, domin kafin mutum ya gane ya yi kuskure, ya janye, ya nemi na gaskiya, lokacin da ya salwanta ya ninka wancan sau da yawa, wani lokaci ma aikin gama ya gama.

Asalin wannan fanni ma daga kuskure ya taso. Bayan yaƙin duniya na biyu, Paul Fitts da Jones sun tattara labaran kurakurai 460 da matuƙan jiragen saman sojan Amurka suka yi wajen sarrafa na'urori, suka fitar da rahoto a 1947 wanda ya nuna cewa da yawa daga abin da ake ɗora wa sakacin matuƙi tsarin kujerar tuƙi ne ya jawo shi. A 1953 Fitts da Seeger suka nuna cewa babu jerin fitilu ko jerin maɓallai da ya fi wani a karan kansa, abin da ke sa sauri shi ne dacewar jerin fitilun da jerin maɓallan. Sannan a 1959 Chapanis da Lindenbaum suka gwada murhu mai kai huɗu da tsari iri huɗu, kuma tsarin da kowane makunni ke zaune daidai da kan da yake kunnawa shi ne ba a yi kuskure ko ɗaya a kansa ba, sauran ukun kuwa an yi ta yi.

Mu duba namu. Na shiga wani injin casar shinkafa inda injinan ke jere daga hagu zuwa dama, amma makunnansu a allo suna jere ne bisa yadda mai haɗa waya ya janyo igiyoyin, na injin ƙarshe shi ne na biyu, na injin farko shi ne a tsakiya. An rubuta lambobi da fenti, ƙura ta rufe su, ma'aikatan kuma sun haddace. A ranar da komai ke tafiya lafiya haddar tana isa. Ranar da bel ya kama rigar wani aka yi ihu daga dama, hannu zai tafi makunnin dama ne. Gyaran wannan allo aikin yini ɗaya ne, amma an gwammace a riƙa cewa yara su mai da hankali.

Malamin nazarin halayya, Birnin Kebbi

Na gode, Injiniya, kuma na yarda da lissafinka, sai dai ina ganin ka rage wa ƙaramar tazarar nan daraja. Masu bincike ba sa bin ta don girmanta, suna bin ta ne domin ita ce ke nuna fizgar da ke nan kullum a ɓoye, wadda a ranar gajiya ko firgici take fitowa fili ta zama kuskuren da kake magana a kai.

Ɗan'uwa na Yauri, tambayarka ta fi ta ɗakin karatu wuya, kuma akwai gwajin da ya yi kama da jirginka ƙwarai. A 1993 Bernhard Hommel a Jamus ya haɗa maɓallai biyu da fitilu biyu a gicciye, ta yadda danna maɓallin hagu ke kunna fitilar dama. Ya ce wa wasu mutane aikinsu shi ne danna maɓalli, wasu kuma ya ce musu aikinsu shi ne kunna fitila, alhali motsin hannunsu iri ɗaya ne sak. Na farko suka fi sauri idan sauti ya fito ta gefen maɓalli, na biyu kuwa suka fi sauri idan ya fito ta gefen fitila, wato tasirin ya juya saboda abin da mutum ya ƙudurta a ransa cewa shi yake motsawa. Ka ce idon dattawan nan ba ya sauka daga kan ruwa, kuma a ganina amsar tana cikin wannan. Yaron da ke koyo hannun inji yake tuƙawa, shi ya sa dama da hagunsa ke rikicewa. Dattijon goshin jirgi yake tuƙawa, kuma a wurinsa alamar dama da juyawa dama sun dace, hannun ya zama ɗan aike kawai. Saboda haka mai koyar da yaro zai fi cin nasara idan ya hana shi kallon hannunsa.

Game da horo, sakamakon bincike fuska biyu gare shi, kuma bai kamata a ɗauki ɗaya a bar ɗaya ba. A 2000 Tagliabue da abokanta a Italiya sun sa mutane sun yi atisayen amsa wa alamar hagu da maɓallin dama, zagaye ƙasa da ɗari, sannan suka ba su irin gwajin 'yar'uwarmu, sai aka ga fizgar gefe ta ɓace, har bayan mako guda ba ta dawo yadda take ba. Amma Dutta da Proctor sun nuna a 1992 cewa wanda aka ɗora wa amsa ta kishiyar gefe, ko ya yi zagaye sama da dubu biyu, yana ƙara sauri amma ba ya kamo wanda aka ba tsari mai dacewa. Horo yana sassauta abin, ba ya mayar da tsari mara kyau ya zama mai kyau, kuma a nan Injiniya ke da gaskiya.

Sai batun kamun kai na hankali, wanda shi ne ya sa malaman ƙwaƙwalwa suka riƙe wannan gwaji. Idan aka bi zagayen ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa bayan zagayen da alama da maɓalli suka saɓa, fizgar tana raguwa sosai a zagaye na gaba, wani lokaci ma ta ɓace, bayan zagayen da suka dace kuwa tana dawowa da ƙarfinta. Gratton da abokansa ne suka fito da irin wannan a 1992 a wani gwaji makamanci, kuma a 2001 Botvinick da abokansa suka fassara shi da cewa akwai wani yanki a tsakiyar gaban ƙwaƙwalwa da ke lura da karo tsakanin martani biyu, idan ya ji karon sai ya sa a ja linzami. Akwai masu musu, waɗanda ke cewa wani kaso na abin maimaicin launi da maɓalli ne kawai ke jawo shi, kuma musun nasu yana da tushe, shi ya sa gwaje-gwajen baya-bayan nan ke ƙoƙarin cire maimaici kafin a auna. Abin da ba a musu a kai shi ne cewa ƙarfin dannewar ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka cikin sakanni.

Tun da a Kebbi muke, inda yaro ke tashi da Hausa da Zabarmanci ko Fulatanci ko Dakarci a baki ɗaya, wata rana za ku ji ana cewa masu harshe biyu sun fi kowa iya wannan gwaji. Bialystok da abokanta sun ba da rahoton haka a 2004, amma Paap da Greenberg a 2013 da wasu bayansu sun nema ba su samu ba, don haka kada a yi saurin yin alfahari da shi.

Malamar lissafi, Gwandu

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ƙanwata ta Argungu, idan har kina neman abin da za ki yi aikin bincikenki na ƙarshen karatu a kai, akwai wani reshe na wannan magana da ke kusa da mu fiye da kowa. A 1993 Dehaene da abokansa a Faransa sun sa mutane su riƙa tantance ko lamba tana rabuwa biyu daidai ko ba ta rabuwa, ta hanyar danna hagu ko dama, lambar kuma a tsakiyar allo take fitowa, ba ta da gefe. Duk da haka ƙananan lambobi suka fi sauri da hagu, manya suka fi sauri da dama, kamar dai mutum yana ɗauke da layin lambobi a kansa wanda ya faro daga hagu. A cikin mutanen da suka gwada akwai 'yan Iran da suka tashi da rubutun da ke farawa daga dama, kuma a wurinsu abin ya danganta da daɗewarsu a Faransa. A 2009 Shaki da Fischer da Petrusic suka kwatanta mutane iri uku: 'yan Kanada suka nuna tsarin da aka saba, Falasɗinawa masu karanta kalmomi da lambobi daga dama suka nuna shi a juye, Isra'ilawa kuwa, waɗanda ke karanta kalmomi daga dama amma lambobi daga hagu, ba su nuna karkata bayyananniya ba.

A garinmu akwai dattijon da bai taɓa riƙe alƙalami ya fara daga hagu ba, wasiƙarsa da lissafin bashinsa duk da ajami ne, akwai ɗan boko zalla, akwai kuma irina da muka yi allo da asuba muka yi boko da hantsi. Gwajin ba ya buƙatar komai sai kwamfuta ɗaya da maɓallai biyu. Sai dai ki kiyaye abubuwa kaɗan. Kowane mutum ya yi gwajin sau biyu, a karo na biyu a musanya masa maɓallan, in ba haka ba ba za ki iya raba tasirin lamba da fifikon hannun dama ba. Ki tambayi kowa da waɗanne lambobi yake ƙirga kuɗi da kiran waya, domin malamin zaure da ke rubutu daga dama yana iya kasancewa yana danna lambobin waya daga hagu kullum, kuma ki tambaye shi da wane yatsa yake fara tasbihi ko ƙirge, a wane hannu. Sannan kada ki kwatanta tsofaffin masu ajami da samarin 'yan boko, domin shekaru kaɗai suna rage saurin martani. Ki nemi sa'o'in juna, waɗanda samunsu ba zai yi miki wuya ba a makarantun Islamiyya na dare.